Ba Kowane Keke Mai Shok Ba Ne Keken Hawan Dutse

Wata ranar Asabar na raka ɗan yayata wurin masu kekunan gwanjo. Ya yi wata da watanni yana tari, burinsa keke mai giya. Tun daga nesa idonsa ya faɗa kan wani ja mai ƙaton sifirin a tsakiya, ga shok a gaba, ga faifan birki yana walƙiya, an rangaɗa masa lamba 21 a jiki. Mai kayan ya danna sirdin da tafin hannu, keken ya lotsa ya taso, ya ce, "Alhaji, wannan ko daga kan Dala aka sako shi ba abin da zai same shi." Can gefe, jingine da bango, akwai wani ruwan toka da fentinsa ya koɗe, bayansa ƙarfe ne zalla babu sifirin, amma kuɗinsa ya ɗara na jan. Yaron ya dube ni ya ce, "Kawu, wannan ai cuta ce. Mai shok ɗaya ya fi mai biyu tsada?" Na ce ya ɗaga kowanne da hannu ɗaya tukuna. Ruwan tokan ya taso cak. Jan kuwa da ƙyar ya rabu da ƙasa.

Ba yara kaɗai ke faɗawa wannan ruɗani ba. A keken hawan dutse, abin da ya fi ɗaukar ido shi ya fi sauƙin kwaikwayo, abin da ke cin kuɗin gaske kuma a ɓoye yake: cikin bututun shok, cikin cibiyar taya, cikin yadda aka karkata ƙarafan firam. Sunan kansa ma ya tattaro kekunan da ba abin da ya haɗa su sai kaka. Akwai wanda aka ƙera don tsere, nauyinsa wajen kilo 10. Akwai wanda ba a hawa tudu da shi sam, sai a kai shi ƙololuwa a mota ya gangaro. A shago duk sunansu ɗaya. Shi ya sa in aka tambaye ni wane keke ya fi kyau, nakan mayar da tambaya biyu: wace irin ƙasa tayar za ta taka, kuma wa zai gyara shi ran da ya lalace?

Abin daga gangara ya samo asali. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan Schwinn masu faffaɗar taya, irin na shekarun 1930 da 1940, suna gangarowa da su daga duwatsun yankin. A 1976 suka fara tsere a kan wata hanyar burji kusa da garin Fairfax, tsawonta kimanin kilomita 3, tana zubowa ƙasa wajen mita 400. Birkin waɗannan kekuna a cikin cibiyar tayar baya yake, irin wanda ake kamawa da mayar da feda baya, kuma kafin mutum ya iso ƙasa ya yi zafin da giris ɗin ciki zai ƙone ya tashi hayaƙi, dole a kwance a sake cusa wani. Daga wannan sake cusawar tseren ya sami sunansa, Repack. Joe Breeze ya haɗa firam na musamman don wannan aiki a 1977, Gary Fisher da Charlie Kelly suka fara sayar da kekunan da Tom Ritchey ke ƙera wa firam a 1979, sai kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, abin ya shiga kasuwar kowa da kowa. Shok ɗin gaba bai bayyana a kasuwa ba sai ƙarshen shekarun 1980, da Paul Turner ya kafa RockShox. Ke nan an shafe sama da shekara goma ana tsere a kan duwatsu galibi babu shok. Abin da ya bambanta keken tun farko shi ne faffaɗar taya, birki mai kamawa, giya mai sauƙin hawa, da firam da ba ya karyewa.

Yau dai da shok ake rarrabe ire-irensa, wato da yawan milimitar da yake iya lotsawa kafin ya kai ƙarshe. Mafi ƙarancin lotsawa shi ne na tseren ƙetare daji, wanda ake taƙaita sunansa da XC: milimita 100 zuwa 120, siririn jiki, mahayi a duƙe gaba, duk ƙarfin ƙafa yana tafiya ga taya. Shi ne wanda ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, irinsa Tom Pidcock na Birtaniya ya ci zinare da shi a Tokiyo da kuma Paris a 2024, inda Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya zo na uku. Irinsa ne kuma ake hawa a tseren Cape Epic na Afirka ta Kudu, wanda ake yi tun 2004, kwana takwas, mutum biyu-biyu. Sama da shi akwai na tsaka-tsaki da ake kira tirel, milimita 120 zuwa 150, wanda bai fi kowa a hawa ba, bai fi kowa a gangara ba, amma ba inda zai kunyata mai shi. Sai enduro, 160 zuwa 180, wanda sunansa ya fito daga tseren da mutum ke hawa tudu da ƙafarsa amma lokacin gangara kawai ake lissafa masa. Na ƙarshe shi ne na gangara zalla, milimita 200 gaba da baya, fok ɗinsa, wato ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba, kamar na babur, giyarsa kaɗan. A wurare irin su Whistler a Kanada da Fort William a Sikotilan, a kan igiyar sama ake ɗora shi da mai shi a kai su bisa. Greg Minnaar, shi ma ɗan Afirka ta Kudu, sau huɗu yana zama zakaran duniya a wannan fanni. Wanda ya sayi irin wannan don zuwa kasuwa ya sayi wahala da kuɗinsa: kowane taki na feda rabinsa a cikin shok yake nutsewa.

Ba lotsawa kaɗai ke sauyawa daga wannan zuwa wancan ba, har da karkatar fok. A keken tsere fok ɗin ya fi miƙewa tsaye, wajen digiri 67 zuwa 69. A na gangara yana kwantawa gaba har wajen 63. Wanda ya taɓa tura baro ya ci karo da dutse ya san abin da ke faruwa in taya tana ƙarƙashin nauyi kai tsaye: ta tsaya cak, kaya su wuce gaba. In tayar ta yi nisa gaba kuwa, sai ta hau dutsen kafin nauyin ya iso. Amma kowane riba da asararsa. Keke mai kwantaccen fok yana da nauyin juyawa a lungu, kuma a hawan tudu gabansa yakan riƙa yawo. Digiri biyu a takarda ba komai ba ne, a hannu kuwa kamar an sauya maka keke ne.

To, mu wace ƙasa muke takawa? Mafi yawanmu hanyar burji ce, da turbar gona, da kwalta mai ramuka, da rairayi nan da can. Masu duwatsun gaske, irin na Shere a Jos ko tuddan da ke kewaye da Abuja, su ma ba kullum suke tsalle daga kan fa ba. A ganina keken da ya dace da irin wannan ƙasa shi ne mai shok a gaba kaɗai, na milimita 100 zuwa 130, bayansa sandararre. Ya fi sauƙin nauyi, ba shi da boris-boris na mahaɗar baya da ƙura za ta cinye, kuma a kuɗi ɗaya kayan da ke jikinsa sun fi na mai shok biyu inganci nesa ba kusa ba, domin kuɗin da za a kashe kan shok ɗin baya ya tafi ga fok da birki. Mai shok biyu na gaske abu ne mai daɗi, yana riƙe taya a ƙasa a kan tsakuwa, yana hutar da ƙugu, amma farashinsa daga sama yake farawa. Mai shok biyu mai araha, irin jan nan na kasuwa, siffar kawai ya ara. Wanda hanyarsa rairayi ce zalla, irin ta wasu sassan Damagaram ko arewacin Yobe, akwai mai ƙatuwar taya ta inci 4 zuwa 5 da ake hurawa iska kaɗan ta baje a kan yashi. A kwalta kuwa jan ƙafa gare shi. Mai batir kuma yakan haura kilo 20, kuma na gwanjonsa caca ce, tunda ba ka ganin lafiyar batir da ido. Wanda kuma buhun masara zai ɗauka, tsohon Raleigh ko Phoenix mai kariya ya fi masa duk waɗannan.

Bari in tsaya kan shok, domin nan ne aka fi cutar mai saye. Shok aiki biyu yake yi. Na farko karɓar duka, wannan aikin sifirin ne, ko na ƙarfe ko na iska. Na biyu hana dukan dawowa da ƙarfi, wannan kuma aikin mai ne da ake tilasta wa bi ta ƙananan ƙofofi a ciki. Ka tuna ƙofar banki da ke rufe kanta a hankali, da kuma ƙofar da aka ɗaura wa roba tana bugun mutum a baya. Bambancin ke nan. Shok mai araha sifirin ne tsirara a cikin bututu. Ya faɗa rami ya lotsa, ya wullo ka sama, tayar ta rabu da ƙasa daidai lokacin da kake buƙatar birki. Gwajinsa ba wuya: ka kama birkin gaba, ka danna hannun keken da dukan nauyinka, ka saki farat ɗaya. In ya dawo da ƙara "ƙwas" har tayar ta yi tsalle, babu mai a ciki ko ya mutu. In ya taso da sauri amma cikin natsuwa, akwai aiki.

Sifirin na iska ya fi na ƙarfe sauƙin nauyi, kuma ana daidaita shi da nauyin mahayi. Ƙa'idar ita ce in ka hau ka tsaya cik, fok ya nutse kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na tazararsa, shok ɗin baya kuma 25 zuwa 30. Sai dai da ɗan famfo na musamman ake hura shi, ba na mai faci ba, kuma duk wanda zai sayi irin wannan fok ya sa kuɗin famfon a lissafi. Kaurin bututun sama ma magana ne: kamfanin Fox da kaurin, a milimita, yake sa wa fok ɗinsa suna, 32, 34, 36, 38 da 40, daga na tsere zuwa na gangara. A kekunan masu ƙaramin ƙarfi an fi ganin fok ɗin kamfanin SR Suntour, XCT a ƙasa, XCM a tsakiya, XCR a sama. Abin da ba a faɗa wa mai saye shi ne fok ma yana son sabis. RockShox ta ce a sauya man ƙafafunsa duk bayan awa 50 na hawa, kuma wannan lissafin ba da ƙurar hunturunmu aka yi shi ba. Ko ba komai, goge bututun da tsumma mai laushi bayan kowace fita yana ƙara masa kwana.

Firam kuwa, maganar ƙarfensa gajeruwa ce. Mafi yawa alminiyam ne, lamba 6061 ko 7005, ba nauyi, ba tsatsa, amma in ya tsage mai waldan bakin titi ba zai iya masa komai ba. Baƙin ƙarfe iri biyu ne: mai kyau da ake kira kuromoli, sau da yawa da lamba 4130 a jikinsa, da kuma mai arha mai nauyin tsiya. Kabon, wanda ba ƙarfe ba ne, zare ne da ake daskararwa da danƙo, ya fi kowa sauƙin nauyi da tsada, kuma yana iya tsagewa ta ciki fenti bai nuna ba. Ni ba na ba kowa shawarar sayen na gwanjonsa. Tambarin da ke jiki ma kada a dogara da shi, sitika ba ta da wuyar bugawa. Dubi walda: ta kamfanin kirki a jere take kamar an jera tsabar kuɗi ɗaya bisa ɗaya.

Abin da ya fi ƙarfen muhimmanci shi ne girman. Komai na keke ana iya sauyawa daga baya, ban da wannan. Mu da muka tashi muna tuƙa keken baba ta ƙarƙashin sanda mun saba da cewa keke keke ne, yaro zai girma ya cika shi. A kan turba mai gangara wannan tunani yana karya ƙashi. Kekunan yanzu da S, M, L da XL ake auna su. Mai tsawon santimita 170 galibi M ne nasa, mai 180 kuma L, amma kowane kamfani da ma'auninsa, don haka hawa ya fi karatu. Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa, a sami sarari tsakaninka da sandar sama. Ka zauna ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa: ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba, nan ne tsayin sirdi. Sannan ka miƙe tsaye a kan feda, domin a tsaye ake bin wuri mai wuya. In gwiwa na neman dukan hannun keke, ya yi maka kaɗan. In kana miƙa kamar mai ɗebo ruwa a rijiya, ya yi maka yawa. Akwai kuma sandar sirdi mai sauka da tashi, wadda ake danna wa ɗan maɓalli a hannu sirdin ya nutse a gangara ya dawo a hawa. Na daɗe ina ganin ta kayan gayu ne, sai da na gwada ta a gangara mai tsakuwa na daina magana.

Taya girma uku ce: inci 26, 27.5 da 29. Ta 26 ita ce ta asali, kuma har shekarun 2000 ita ke mulki. Yanzu manyan kamfanoni sun koma 29, saboda dalilin da ya sa amalanke ke wuce ramin da baro zai maƙale a ciki. Tana riƙe gudu, tana da faɗin taku a ƙasa, sai dai tana da nauyin tashi, kuma ga gajeren mutum takan yi girma, shi 27.5 ta fi masa. Wasu ma suna haɗa 29 a gaba da 27.5 a baya. Amma ga mai zaune inda kayan gyara ke wuya, lissafin yana juyewa. Tayar 26 da tub ɗinta da sifok ɗinta kusan duk mai gyaran keke yana da su, 29 kuwa kana iya zaga gari ka dawo hannu rabbana. Kafin ka saya, ka fara tambayar masu kayan gyaran unguwarku abin da suke ajiyewa. Haka bawul: akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda kowane mai faci zai hura, akwai siriri mai ɗan noti a kai da ake kira Presta, wanda sai da 'yar mahaɗa. 'Yar aba ce da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa biyu ba, amma rashinta yana sa mutum tura keke da rana tsaka.

Babban abokin gabar taya a ƙasarmu ba dutse ba ne, ƙaya ce. Tsidau a bakin turba, ƙayar aduwa, ta bagaruwa. Na taɓa zama gaban mai faci yana nutsa tub ɗina a kwanon ruwa, kumfa na fitowa wuri biyar, yana soka tsinken ashana a kowace huda yana girgiza kai. Da ya gama ya shafa cikin tayar da yatsa ya zaro ƙayoyi uku da suka rage, ya ce, "Malam, da ka mayar haka, gobe ma kana nan." Maganin wannan shi ne tubles: rim da taya da aka yi su don riƙe iska babu tub, a zuba wani farin ruwa mai danƙo a ciki, ƙaya na hudawa ruwan ya bi ya toshe kana cikin tafiya. Yana kuma ba da damar rage iska, taya ta kama ƙasa sosai. Mutanenmu suna son hura taya ta yi tauri kamar dutse, alhali a burji taya mai tauri tsalle take yi, ba ta gudu. Aibin tubles shi ne ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafin bazara ma ya fi saurin ƙafewa, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Wanda bai da hanyar samu, ya nemi taya mai kaurin baya ya riƙa yawo da tub na ko-ta-kwana.

Sai giya, inda lamba ke ruɗin mutane. Waccan 21 ta jikin jan keke faranti 3 ne a gaba sau haƙora jeri 7 a baya, kuma da yawansu maimaicin juna ne, wasu ma ba a amfani da su don sarƙa na karkacewa. Kekuna masu tsada na yanzu faranti ɗaya gare su a gaba. SRAM, kamfanin Shikago, ya fito da mai 11 a baya a 2012, sannan mai 12 da ya kira Eagle a 2016, daga haƙori 10 zuwa 50. Lissafin a fili yake: faranti mai haƙori 32 a kan mai 50 na baya, a kowane zagayen feda taya ba ta kai ta yi kashi biyu cikin uku na zagaye ba, ka hau tudu kana zaune, a kan mai 10 kuwa taya ta zaga sau uku da ɗoriya. Giya 12 ke nan da suka yi aikin 21, ba masauyin gaba, ba faɗuwar sarƙa. Amma sarƙar siririya ce, tana da tsada, tana son saiti daidai wa daida. Ga wanda ke nesa da manyan shaguna, mai jeri 8 ko 9 a baya ya fi kwanciyar hankali.

Kayan Shimano na Japan hawa-hawa ne: Tourney a ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, Deore, SLX, XT, XTR a ƙoli, kuma tun 2023 kamfanin ya fara maye gurbin na tsakiyar ƙasa da wani jeri mai suna CUES. Daga Deore aikin gaske ke farawa; abin da ke sama da shi yawanci ragin nauyi kake saye. A nan akwai wata dabarar masu haɗa keke: su sa masauyin giya na baya mai babban suna, tunda shi ido ke fara gani, su cika sauran da tarkace. Ka bar shi, ka dubi abin da ba a gani. Haƙoran baya, shin firiwil ne mai ɗaurin zare, ko kaset ne da ake zurawa a kan cibiya? A firiwil boris ɗin dama yana can ciki, shi ya sa gatarin ke lanƙwasa ko ya karye in ana dukan ramuka. Sannan akwai wani ɗan ƙarfe mai laushi da masauyin ke rataye a jikinsa, an yi shi ne musamman ya lanƙwashe in an faɗi don firam ya tsira. Kusan kowane firam da irin nasa. Ka nemi na ajiya tun ranar saye.

Birki kuwa ba a yi masa rowa. Na roba mai matse rim yana aiki da rani, da damina kuma laka na cinye shi har da rim ɗin. Na faifai iri biyu ne, mai waya da mai mai. Mai waya kowa zai gyara. Mai mai da yatsa ɗaya ake kama shi, kuma yana daidaita kansa yayin da takalmin birkin ke cinyewa. Faifan milimita 160 ya ishi mara nauyi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, mai jiki ko mai doguwar gangara ya sa 180 a gaba. Ga gargaɗin da ya fi kowanne: man birki iri biyu ne da ba sa haɗuwa. Shimano da Tektro man ma'adini suke sha, yawancin birkin SRAM na da kuma DOT, irin na mota. Bakanike mai kyakkyawar niyya zai iya ɗura wa birkin Shimano man birkin mota, robobin ciki su kumbura, birkin ya mutu murus. A kan murfin ake rubuta irin man, a karanta. Kada kuma mai ko giris ya taɓa faifan, domin takalmin na shanye shi, daga nan sai ƙugi babu kamu. Baƙin man inji da ake lafta wa sarƙa shi ma ƙura yake tarawa ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ruwan matsi na masu wankin mota kuma yana kore giris daga boris.

Da wannan muka koma kan ruwan tokan nan. Na sa yaron ya juya shi ƙafa sama, muka bi waldar wuyan firam da ta ƙarƙashin feda da ɗan yatsa muna neman tsaga mai kama da gashi, muka ga lambar firam tana nan ba a kankare ta ba, abin da ke rage fargabar kayan sata. Bututun fok babu ƙarzuwa, babu zoben mai. Muka kama birkin gaba muka girgiza keken gaba da baya, wuya bai yi ƙwas-ƙwas ba. Tayar baya ta ɗan yi rawa, aikin ɗaurin sifok ne. Sandar sirdi ta fito ba gardama. Wadda ta manne a firam na iya zama ciwon da ba magani. Na ari tef ɗin tela na maƙwabcin shagon na auna sarƙa: kowace gaɓa rabin inci ce, don haka a inci 12 ƙusa ya kamata ta faɗo daidai kan layi, ita kuwa ta zarce sosai, alamar ta miƙe har ta fara cin haƙora. Da wannan muka rage kuɗin. Alminiyam ne, taya 26, giya 9 a baya, Deore, birkin faifai mai waya. Abin da ya rage a aljihunsa ya tafi ga sabuwar sarƙa, da takalmin birki, da tub biyu, da hular kwano, wadda sai da na ce ba zai hau ba in babu ita sannan ya yarda.

Jan keken wani ya saye shi muna tsaye, bai ko taya ba sau biyu. Mai kayan ya ƙirga kuɗinsa, ya jawo wani irinsa shuɗi daga cikin shago, ya goge masa sifirin da tsumma ya ajiye shi a gaba, inda jan yake.